Awon Baki Don Dashen Haƙori: Tsakanin Ƙullu Da Sikana





Batun da aka ɗora mini, da wuya a yanzu likitocin haƙori biyu su zauna ba su taɓo shi ba. An dasa wa mutum turken ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, wurin ya warke, lokaci ya yi da za a ɗauki awon bakinsa a ƙera haƙorin da za a ɗaura a kan turken. Da me za a ɗauki awon? Da ƙullun nan da muka gada, wanda ake cika tire da shi a danna a baki a jira ya daskare? Ko da sikana, na'urar da ake zagaya baki da ita siffarsa ta fito a allon kwamfuta? Wanne ne ya fi faɗin gaskiyar abin da ke cikin bakin?

Ba zan ɓoye matsayina sai ƙarshe ba. In haƙori ɗaya ne, ko gajeriyar gada, wato jerin haƙoran da aka ƙera a haɗe, a kan turaku biyu a bakin da sauran haƙoransa ke nan, sikana ta kamo ƙullu a daidaito, ta kuma fi shi sauƙi ga majiyyaci. In kuwa muƙamuƙi ne sukutum babu haƙori ko ɗaya, aka kafa turaku 4 ko 6 za a haɗe su da gada guda, to ban yarda likita ya saki jiki da ɗayansu ba, tsohon ko sabon, sai ya koma bakin ya gwada. Dalilin wannan bambanci daga ƙashi ya taso, don haka daga can zan ɗauko zancen.

Haƙorin da Allah ya halitta ba manne yake da ƙashi ba. Tsakanin saiwarsa da ramin da take zaune akwai wata siririyar shimfiɗa ta zaruruwa, kaurinta wajen milimita 0.2, ita ke riƙe da shi. Ma'aunin da muke aiki da shi a nan shi ne maikiron, wato a raba milimita ɗaya gida 1,000. Silin gashin kai yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Lafiyayyen haƙori, idan aka danna shi, yakan nutsa maikiron 25 zuwa 100 saboda wannan shimfiɗa. Shi ya sa in gadar da aka ƙera ta ɗan kauce, haƙoran da ke ɗauke da ita sukan ɗan gusa su karɓe ta. Majiyyaci ya ji matsi yini ɗaya ko biyu, daga nan ya manta.

Turke ba shi da wannan rangwame. A 1952 wani likita mai bincike a Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin gudanar jini a ƙashin zomaye, ya sa musu wasu 'yan na'urorin leƙe na ƙarfen titaniyom. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen ya ƙi saki. A 1965 ya dasa wa mutum na farko irin waɗannan turaku a birnin Gothenburg, wani mai suna Gösta Larsson, wanda ya ci abinci da su har ya rasu a 2006. Duniya ba ta karɓi aikin da hannu bibbiyu ba sai bayan taron Toronto na 1982. To abin da ya sa dashen ya yi nasara, wato ƙashi ya rungumi ƙarfe babu komai a tsakaninsu, shi ne kuma ya sa ba ya yafe kuskure. Turken da ya kama sosai bai fi ya nutsa maikiron 3 zuwa 5 ba, wannan ɗin ma ƙashin ne ke ɗan lanƙwasawa.

Ku duba abin da ke faruwa idan gada ba ta zauna daidai a kan turaku ba. Likita ya ɗora ta, akwai ɗan giɓi a gefe ɗaya, ya ɗaure noti, giɓin ya rufe. A ido komai ya yi kyau. Amma giɓin bai tafi ko'ina ba, ya koma ja-in-ja da aka ajiye a jikin notin, da jikin gadar, da ƙashin da ke kewaye da turken, dare da rana, ko mutum yana tauna ko yana barci. Majiyyaci kuma ba lalle ya ji ba, domin shimfiɗar nan mai kai wa ƙwaƙwalwa labarin matsi ta tafi tare da haƙorin asali. Bayan watanni sai noti ya riƙa kwancewa, a ɗaure ya sake kwancewa. Wata rana ya karye a cikin turken, cire guntunsa kuwa duk wanda ya taɓa yi ya san wahalarsa. Ko tangaran ɗin da aka lulluɓe gadar da shi ya ɓantare, ko gadar kanta ta tsage.

To nawa ne giɓin da za a iya haƙura da shi? Brånemark ya ce kada ya wuce maikiron 10. Wannan buri ne mai kyau, amma da wuya hannun ɗan'adam ya kai can a doguwar gada. Torsten Jemt, wanda shi ma a Gothenburg ya yi aikinsa, ya kawo ma'aunin da aka fi riƙewa a yau, wato kusan maikiron 150. A 1996 shi da abokin aikinsa Book suka auna gadojin da mutane ke yawo da su a baki, suka tarar babu ko ɗaya da ta zauna cif, matsakaicin giɓin yana wajen maikiron 100, amma ba su ga alaƙa tsakanin girman giɓin da zaizayar ƙashi ba. Wasu sukan karanta wannan sakamako a matsayin izinin yin sakaci. Ni ba haka na karanta shi ba. Abin da ya nuna shi ne ƙashi mai rai yana da haƙuri. Bai ce noti yana da haƙuri ba, kuma karyayyen noti shi ke maido mana da majiyyaci ransa a ɓace, bayan ya kashe kuɗin da wataƙila sai da ya sayar da kadara kafin ya haɗa.

Kafin mu shiga gwada hanyoyin biyu, ɗalibai ku riƙe wannan: daidaito kashi biyu ne, haka ma'aunin ISO 5725 ya raba shi. Akwai kusanci da gaskiyar abin da aka auna, akwai kuma maimaituwa, wato in an sake awo sau goma a sami abu ɗaya. Na'ura tana iya ba ka amsa ɗaya sau goma, alhali duka goman sun kauce da maikiron 80. Idan ɗan kasuwa ya nuna muku lamba a takardar talla, ku tambaye shi wanne daga cikin biyun yake nufi, kuma a tsawon haƙori nawa aka auna.

Bari mu fara da ƙullu, kuma mu yi masa adalci, domin gadojin da suka shekara 30 da 40 a bakunan mutane da shi aka ɗauki awonsu. Ana ɗaura wa kowane turke tsinken awo, a cika tire da ƙullu, a danna. Ƙullun da ya dace da wannan aiki iri biyu ne: foliyita, wanda kamfanin ESPE na Jamus ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1960 da sunan Impregum, da kuma silikon ɗin da ya biyo bayansa a shekarun 1970. Akwai rufaffen tire, inda tsinken ke zama a baki bayan an cire awon, sai a kwance shi a mayar da shi raminsa da hannu. Akwai kuma tire mai huji, inda kan tsinken ke leƙowa waje, a kwance notinsa tun tiren yana baki, tsinken ya fito a binne cikin ƙullun. Ga turaku da yawa, musamman in sun karkace wa juna, mai hujin ya fi aminci, ya kuma ƙara aminci in an ɗaure tsinkayen da juna kafin a zuba ƙullu.

A wurin ɗaurin nan ne gwaninta ke bayyana. Robar akirilik da ake ɗaure su da ita tana tsukewa yayin da take daskarewa. Mojon da abokan aikinsa sun auna wannan a 1990: kusan kashi 8 cikin 100 na girmanta a awa 24, kuma kashi 80 cikin 100 na tsukewar a minti 17 na farko take faruwa. Ke nan wanda ya lafta roba mai yawa a baki ya ɗauki awo nan take, da hannunsa ya ja tsinkayen suka kauce. Hanyar da ta dace ita ce a haɗa sandar robar tun jiya a kan samfurin farko, a yanka ta tsakanin kowane turke biyu, a sake liƙe yankan a baki da ɗan ɗigo kaɗan. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ake tsallake shi.

Daga nan kuma sauran matakai suna jira, kowanne da nasa rabon kuskuren. Ƙullu yakan ɗan miƙe yayin fitowa daga kan karkataccen turke. Wajen ɗaura kwafin turke a kan tsinken, hannu mai nauyi yakan juya tsinken a cikin ƙullun ba a sani ba. Filastar da ake zubawa tana ɗan kumbura in ta daskare, ko da mafi ingancinta ce, balle in an kwaɓa ta da ido ba a auna ruwa da gari ba. Su kansu ƙarafan da ke shiga cikin juna, masana'anta ta bar musu 'yar tazara ta gomman maikiron don su shiga su fita.

Yanayin ƙasarmu kuma yana ƙara nasa. Lokacin aiki da ke rubuce a kwalin ƙullu, a ɗaki mai zafin digiri 23 aka auna shi. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, ga zafi ya haura 40 ga wuta ta ɗauke, ƙullun yakan fara kamawa kafin tire ya gama zama, kuma awon da aka danna bayan ƙullu ya fara kamawa karkatacce ne ko da ya yi kyau a ido. Da hunturu kuma wata matsalar ce. Aljinet, ƙullun nan mai araha da ake samu daga ciyawar teku, wanda ya yaɗu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancinsa ruwa ne. A bar shi a kan tebur cikin iskar hunturu, nan da nan ya fara bushewa yana tsukewa. Aljinet ba na ɗaukar matsayin turke ba ne ko kusa, amma da shi ake yawan ɗaukar muƙamuƙin da ke fuskantar aikin, in kuwa wancan ya lalace cizon ya lalace. Ga kuma tafiya: awon da aka ɗauka a wani gari yakan shiga mota zuwa ɗakin ƙira a Abuja ko Legas, ya kwana a but cikin zafi.

Duk waɗannan matakan ne sikana ta zo ta tsallake, kuma tunanin ya girmi yawancin ɗaliban da ke zauren nan. François Duret, Bafaranshe, ya rubuta kundinsa a kan ɗaukar awon baki da haske a birnin Lyon a 1973. A 1985 Werner Mörmann da Marco Brandestini suka yi wa majiyyaci na farko aiki da na'urar CEREC a Jami'ar Zurich. Amma sai da aka shiga wannan ƙarni na'urorin suka yi ƙarfin ɗaukar baki gaba ɗaya: iTero wajen 2007, TRIOS ta kamfanin 3Shape na Danmak a 2011, sai Medit i500 ta Koriya ta Kudu a 2018, wadda ta karya farashi har ƙananan asibitoci suka fara iya saye.

Ga turke, sikana tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. A haƙorin asali da aka feƙe, dole ta hango bakin yankan da ke ƙarƙashin dasashi, inda jini da yawu ke rufe mata ido. A turke ba ta buƙatar ganin abin da ke ƙasa. Ana ɗaura masa tsinken sikana, wani ɗan ƙarfe ko roba mai tauri da aka san siffarsa sarai. Na'ura ta ɗauki saman tsinken, manhaja ta ɗauko ainihin siffarsa daga ma'ajiyarta ta ɗora a kai, daga nan ta lissafo inda turken yake, da zurfinsa, da karkatarsa. A haƙori ɗaya wannan lissafi yana fita da kyau ƙwarai. Tim Joda da Urs Brägger a Bern sun gwada hanyoyin biyu a kan majiyyata masu turke ɗaya, suka tarar aikin sikana ya fi sauri, gyaran da ake yi ranar ɗaurawa ya fi ƙaranci, majiyyatan kuma sun fi son sa. Wanda ya taɓa riƙe tire a bakin mai saurin tashin zuciya, hawaye na zuba yana yunƙurin amai ana ba shi haƙuri har minti biyar su cika, ba zai raina wannan ba. In kuma wani gefe bai fito ba, gefen kaɗai za a sake, ba duka awon ba.

To ina matsalar take? Idon sikana ƙarami ne, bai fi ya ga haƙori ɗaya ko biyu a lokaci guda ba. Ba ta taɓa ganin muƙamuƙi gaba ɗayansa. Dubban ƙananan hotuna take ɗauka, manhaja tana liƙa kowanne da na bayansa ta hanyar neman inda suka yi kama. Kamar mai awon gona ne da ɗan guntun kara: in kunya biyu zai auna, ba zai yi kuskuren a zo a gani ba, amma in ya bi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan yana ɗagawa yana ajiyewa, ɗan kaucin kowace ajiyewa yana hawa kan na baya, kafin ya kai ƙarshe ya shiga gonar maƙwabci. Haka kuskuren sikana yake taruwa. Turken da aka fara da shi yakan fito daidai, na can ɗaya gefen shi ke kwasar kaucin duka.

Inda haƙora suke, manhaja tana samun abin kamawa, domin kowane turmi da tudunsa da kwarinsa. Bakin da ba haƙori kuwa, tsakanin turke da turke babu komai sai dasashi mai santsi, mai sheƙi, jiƙe da yawu. A muƙamuƙin sama da sauƙi, ganɗa tana da 'yan gurguje kuma ba ta motsi. A na ƙasa abin ya fi tsanani: harshe yana kai-kawo, naman gefen dasashi yana bin kumatu, yawu yana taruwa, shi kansa ƙashin yakan ɗan tsuke in an wangame baki. Tsinkayen sikana kuma duk kamarsu ɗaya, har manhaja takan ɗauki na uku a matsayin na biyu ta haɗe su. A 2014 Andriessen da abokan aikinsa a Holan suka gwada wannan a bakunan mutane masu turaku biyu a muƙamuƙin ƙasa marar haƙori, suka ce kaucin nisa da na karkata ya yi yawan da ba za a ƙera gada mai zama da shi ba, suka kuma ɗora laifin a kan rashin abin kamawa.

Nan wani zai ɗaga hannu ya ce, ai Malam akwai binciken da ya nuna sikana ta yi daidai da ƙullu, har ta fi shi, a muƙamuƙi gaba ɗaya. Gaskiya ne, akwai. Papaspyridakos da abokansa a Jami'ar Tufts ta Amurka sun buga irin wannan a 2016 da 2017. Amma ku duba inda aka yi awon: a kan samfurin baki ne a bisa tebur. Samfuri ba shi da harshe, ba shi da yawu, ba ya haɗiya, ba ya gajiya, dasashinsa ba ya motsi, kuma mai sikana yana iya juya shi yadda ya so. Ba laifin masu binciken ba ne. A kan tebur kaɗai ake da na'urar masana'anta da za ta faɗi ainihin inda kowane turke yake, a gwada sauran da ita. A bakin mai rai babu irin wannan alƙali, sai dai a gwada awo da awo, ko a ƙera gadar a ga zamanta. Wannan ne ya sa taron masana na ƙungiyar ITI da aka yi a Amsterdam a 2018, bayan ya duba abin da aka tara, ya ce a ɗakin gwaji hanyoyin biyu sun yi kunnen doki, amma bai ba da shawarar a mayar da sikana abin yau da kullum a muƙamuƙi marar haƙori ko a turaku masu nisa da juna ba.

Ba a tsaya nan ba, kuma rashin adalci ne in yi kamar an tsaya. Gherlone da abokansa a Milan sun raba majiyyata masu turaku huɗu-huɗu gida biyu, wasu da ƙullu wasu da sikana, suka buga a 2016 cewa bayan shekara ba su ga bambanci a ƙashi ko a zaman gadar ba, sikana kuma ta rage lokaci. Na'urorin da suka fito bayan 2018 sun fi na da gani da sauri. An ƙirƙiro tsinkaye masu dogon hannu da ke kwantawa a kan dasashi su cike tazarar da ke tsakanin turaku, don manhaja ta sami abin bi. Akwai kuma wata hanya ta dabam da Jemt da abokansa suka kawo shawararta tun 1999: a ɗaura wa turaku 'yan tutoci masu ɗige-ɗige, kyamara ta tsaya daga wajen baki ta gan su duka a lokaci guda, ta lissafo matsayinsu ba tare da liƙe-liƙen hoto a kan dasashi ba. Na'urar PIC ta ƙasar Sifen da iCam4D ta Suwizalan haka suke aiki. Yawancin gwaje-gwaje sun yabe su, ko da yake ba duka ba. Sai dai ba sa ɗaukar dasashi, dole a haɗa da sikana, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin asibitocinmu. Inda aka dosa a fili yake, kuma ina murna da shi. Amma shekara ɗaya ko biyu ta bibiya ba ta isa ta yanke hukunci a kan gadar da ake so ta shekara 20 ba.

Akwai kuma abin da takardar talla ba ta faɗa: sikana ma tana da hannun mai riƙe ta. Hanyar da aka bi da ita a baki tana canza sakamako. Fitilar kujera in ta haske wurin tana rikita wasu na'urorin. Sauyin zafin ɗaki yana taɓa daidaitonta, shi ya sa ake son a riƙa saita ta a kai a kai da ɗan akwatin saitin da ke zuwa tare da ita, ba a jefa shi a durowa a manta ba. Tsinken sikana da aka dafa aka sake dafawa, aka ɗaure aka kwance sau da yawa, yakan cinye. In bai zauna har ƙasa ba saboda dasashi ko ƙashi ya tokare shi, manhaja ba za ta sani ba, za ta yi lissafinta tsaf a kan ƙarya. In turken ya yi zurfi, ɗan kan tsinken kaɗai ke leƙowa, abin da za a ɗora lissafi a kai ya ragu. In tsinken na wani kamfani ne siffar da ke ma'ajiya ta wani ce, an kauce tun kafin a fara. Bayan haka ga injin sassaƙa da nasa kuskuren, ga firintar da ke buga samfuri da nata. Hoton da ke allo kuwa kullum kyakkyawa ne, mai launi, ana juya shi da yatsa majiyyaci yana mamaki. Wannan kyan shi ne abin da na fi jin tsoro, domin awon ƙullu in ya lalace sau da yawa yakan nuna kumfa ko yagewa, na sikana kuwa in ya karkace ba ya nuna komai.

Saboda haka abin da nake roƙon 'yan'uwana likitoci, ko da me kuka ɗauki awon doguwar gada, kada ku tura a sassaƙa ta ƙarshe sai kun tabbatar. Hanyoyin ba su da tsada. A ɗauki hoton eksire bayan an ɗaura tsinke, a ga ya zauna. A sa mai ƙira ya haɗa sandar gwaji a kan samfurin, ta filasta ta fi, domin filasta ba ta lanƙwasa: in samfurin ya saɓa wa baki, tana jin noti za ta tsage, gara kuwa ta tsage da a ce gadar ƙarshe ce ta zirkoniya. In gadar gwaji ta zo, a ɗaure noti ɗaya tak a can ƙarshe, a duba ɗaya ƙarshen ko ya ɗaga, sannan a juya a yi daga wancan gefen. A saurari hannu yayin ɗaure noti: wanda ya tafi sumul ya tsaya lokaci guda daban yake da wanda ya fara tauri tun da sauran tafiya. Wannan zama ɗaya ne aka ƙara wa majiyyaci. Na san wasu daga Zinder ko Yola suke tasowa, zama ɗaya a wurinsu kuɗin mota ne da kwanan gari. Duk da haka a yi musu bayani, a yi zaman.

Ga masu koyarwa a makarantunmu, na likitoci a Kano da Maiduguri da sauransu, da masu horar da masu ƙira kamar makarantar tarayya da ke Inugu, ra'ayina shi ne a koyar da duka biyun, kuma kada a rage wa ƙullu sa'o'insa tukuna. Ɗalibin da zai yi aiki inda wuta ba ta tsayawa, inda gyaran sikana sai an tura ta waje, inda kuɗin manhajar wasu na'urorin da dala ake biya duk shekara, dole hannunsa ya iya tire mai huji. Amma kuma kada a hana shi sikana, domin a ƙasa mai faɗi irin tamu tana da wani amfani da ya fi na Turai: fayil yana isa ɗakin ƙira a Legas cikin mintuna, ba zafi ba girgizar hanya, mai ƙira ya duba ya bugo waya ya ce gefen hagu bai fito ba tun majiyyaci bai tashi daga kujera ba.

Sai ku iyaye da 'yan'uwa da ba likitoci ba, musamman masu zuwa Masar ko Turkiyya ko Indiya ko Dubai a yi musu dashe cikin 'yan kwanaki su dawo. Kamfanonin turke a duniya suna da yawan gaske, kowanne da siffar bakin turkensa, da notinsa, da abin kwance shi. Ranar da noti ya saki a Katsina, likitan da ke gabanku ba zai iya ɗaukar awo ba, da ƙullu ko da sikana, sai ya san wane turke ne a ƙashinku, domin tsinken wani ba ya hawa kan na wani. Kafin ku baro asibitin can, ku nemi a rubuta muku sunan kamfanin, da samfurin turken, da faɗinsa da tsawonsa, da gurbin da aka sa kowanne. Yawancin turaku suna zuwa da 'yar takarda mai manne a kwalinsu, ku ce a manna muku ita a kati. In da sikana aka yi aikin, ku nemi a tura muku fayil ɗin awon da na gadar, ku adana. Ku kuma tambaya ko an gwada zaman gadar kafin a ɗaure ta. Mu ma likitocin gida wannan haƙƙi yana kanmu: duk wanda muka dasa wa turke, kada ya fita ƙofa sai da katinsa a hannu, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.